Yarinyar da Ta Lulluɓe Laftof Kamar Goro

A unguwar Fegge ta garin Anacha akwai wani bene mai hawa uku. An ce idan ka tsaya a samansa kana hango Kano. Masu faɗin haka dai ba su taɓa hawa ba. A hawa na uku wata yarinya take zaune da iyayenta da kakarta. Tana aji biyar a firamare.

A lokacin kuɗin man fetur sun yi yawa a ƙasa. Kullum ana jin labarinsu a rediyo, sai dai ba su gano hanyar Fegge ba. Wutar lantarki ma kamar baƙo mai sauri take. Ta yi sallama a tsaye, kafin a shimfiɗa mata tabarma ta tafi. Janareta kuwa mai benen ya hana, tun ranar da hayaƙi ya kusa kashe masu haya na ƙasa.

Baban yarinyar, Alhaji Na'Allah, goro yake sayarwa a Kasuwar Ochanja. Ya iya ajiyar goro ƙwarai. Yakan shimfiɗa ganye, ya zuba goro, ya rufe da wani ganyen, ya naɗe da buhu, ya ɗaure tamau. Wannan ƙunshi shi ake kira huhu.

Uwata yake kiran yarinyar, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. Yakan ce, "Uwata, duk abin da kike so, ki lulluɓe shi. Iska ɓarauniya ce."

Saboda haka komai na gidan a lulluɓe yake. Rediyo da rigarsa. Talabijin da mayafinta. Kujerun falo shekararsu bakwai a cikin leda, in baƙo ya zauna sai su yi ta ƙara kamar ana suya.

Kakar yarinyar sunanta Barira. Tana cikin mutanen farko da suka dawo Anacha bayan yaƙin basasa, da ƙunshin kaya a ka da goyo a baya. Yanzu ta tsufa. Gwiwoyinta sun daina sauka daga bene. Idanunta kuma sun fara ja da baya. Likita ya duba, ya ce ciwon ya yi nisa, ganin zai ci gaba da raguwa.

Kaka ba ta yi kuka ba. Abu ɗaya ta ce.

"Ina so in ga fuskar Auta kafin fitilar ta mutu."

Auta shi ne Baffa Idrisu, ɗanta na ƙarshe. A jirgin ruwa mai dakon mai yake aiki. Shekara biyu bai zo gida ba. Da labari ya kai masa yana Fatakwal, jirginsu na shirin tashi. Sai ya sayi laftof ta hannu, ya ba wani direba ya kawo. Ya kira yarinyar a wayar Baba.

"'Yar Baffa, an ce kin fi kowa iya kwamfuta a ajinku."

"Haka ne, Baffa."

"To ga amana. In muna tsakiyar teku ba a samunmu. Sai jirgi ya matso gaɓa zan aiko saƙo, ki buɗe, Inna ta gan ni. Ban san ranar ba. Ki kula da batirin. Akwai takarda a jakar, ki karanta."

"To, Baffa."

Ta ciro takardar. Doguwa ce, kuma babu hoto ko ɗaya a ciki. Ta ninke ta, ta tura ƙarƙashin katifa. Me takarda za ta koya wa 'yar mai goro game da ajiya?

Yarinyar tana son laftof ɗin nan ƙwarai. Don haka ta yi mata abin da ake yi wa abin so. Duk ranar da yaran bene suka yi ihun "An kawo wuta!" sai ta ruga ta jona caja. Ta naɗe laftof a tsohon zanen Umma. Ta ƙara da bargo. Ta ɗora matashi a kai, ta danne. Ko Alhaji da kansa ba zai fi haka ɗaure huhu ba.

Zafin Fegge kuwa ba sai an faɗa ba. Akwai kazar da aka ce ta taɓa yin dafaffen ƙwai a unguwar.

In yarinyar ta buɗe ƙunshin sai ta ji laftof ta yi zafi zau. Sai ta ce, "Tana jin daɗin ɗumi." In ta ji fankar ciki tana kuka, sai ta ce, "Minshari take yi."

In an ɗauke wuta kuma, sai ta kwanta a katifa da ita, ta yi ta wasan tseren mota. Ba ta tashi sai allon ya yi baƙi ƙirin da kansa.

A watan farko batirin yana kai awa uku. A wata na biyu ya koma awa ɗaya. A na uku, kafin ta shanye kofin koko ya mutu. Ƙasan laftof ɗin kuma ya kumbura. In ta ajiye ta a tebur sai ta riƙa rawa kamar ƙwarya a kan tulu.

Ta san akwai matsala. Amma ba ta gaya wa kowa ba. Sai ma ta ƙara bargo na biyu.

Ran wata Asabar bayan azahar, sai ga Baba a kan okada, babur ɗin haya, hularsa a hannu. Ya hau benen nan yana haki.

"Uwata! Saƙo ya zo! Jirgi ya matso, ya ce rabin awa gare shi. Buɗe!"

Kwana biyu ke nan babu wuta, amma tun da ta ga kumburin ta daina wasan mota. Yarinyar ta kunna laftof. Alamar batir ta nuna a cike yake. Ta yi ajiyar zuciya.

Kaka ta sa kwalli. Ta yafa mayafinta na zuwa biki. Har turare ta shafa.

Umma ta ce, "Inna, ai ƙamshi ba ya shiga na'ura."

"Ke kika sani. Ɗana zan gani."

Sai ga muryar Baffa, raɗau.

"Salamu alaikum. Inna, ina wuni?"

"Wa alaikumus salam. Lafiya lau, Auta. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ina aiki?"

"Da godiya."

"Ya ruwa? Ya iska? Ya abokan aiki? Ya mai tuƙin?"

Kaka tun da take ba ta taɓa yanke gaisuwa ba. Yarinyar ta saci kallon alamar batir. Ɗazu a cike, yanzu saura rabi. Ta ƙifta ido, ya koma kwata.

"Kaka, ki dube shi mana!"

"Ƙawata, ba a ƙura wa mutum ido kafin a gaisa. Je ki ɗauko min tabarau."

Yarinyar ta ruga ɗaki. Ta duba kan akwati, babu. Ta ɗaga sallaya, babu. Can ta same shi a cikin kwanon goro. Ta dawo a guje. Kaka ta karɓa, ta goge shi da gefen mayafi, ta maƙala a hanci. Ta sunkuya kusa da allon.

Ɗif. Allon ya yi baƙi.

Kaka ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce a hankali, "Na'Allah, shi ke nan. Idon ya tafi."

"A'a, Inna! Na'urar ce ta mutu. Dube ni, ga ni nan."

Ta juya ta dube shi. "Kai ai kullum ina ganinka."

Yarinyar ta danna, ta danna, ta sake dannawa. Ko motsi. Baba ya kira Baffa a waya, suka ji muryarsa tana yankewa. Jirgi zai juya. Sai bayan mako shida, in Allah ya yarda.

Mako shida. Babu wanda ya san abin da zai rage a idon Kaka bayan mako shida.

Kaka ta cire mayafin bikin, ta ninke, ta ba Umma ta mayar akwati.

Baba ya yi ta faɗa. "Sun cuci Idrisu! Ruɓaɓɓen kaya suka sayar masa. Ku duba yadda yarinyar nan take kula da ita. Ko ƙura ba ta taɓa ta ba!"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Maganar ta fi bulala zafi.

Ranar Lahadi Kaka ba ta ci goro ba. Ba ta tsokani kowa ba. Ta zauna a bakin taga tana fuskantar kogin da ke gefen garin. Yarinyar ta kai mata fura, ta ce a ajiye. Furar ta wuni a wurin har ta yi tsami.

Ran Litinin yarinyar ta ɗauki ƙunshin ta tafi da shi makaranta. Lokacin tara ta sami Malama Maijidda, mai koyar da kwamfuta. Ta ajiye ƙunshin a tebur.

Malama ta kwance bargo na farko. Ta kwance na biyu. Ta kai kan zane.

"Ke, jaririn wa kika sato?"

"Laftof ce, Malama."

Malama ta juya ta, ta ga kumburin. Dariyar ta ɗauke daga fuskarta.

"A haka kike cajinta?"

"Eh. Don kada iska ta shiga."

"Kin ga waɗannan ƙananan ramuka? Hancinta ne. Ta nan take fitar da zafi. Ke in an rufe ki da bargo biyu da rana tsaka, aka ɗora miki matashi a fuska, yaya za ki yi?"

"Zan mutu, Malama."

"To ga shi ya mutu. Babban maƙiyin batir zafi ne. Kuma Allah ya tsare ku. Batirin da ya kumbura haka yana iya kama wuta. A kan katifa kike ajiye ta?"

"Eh."

"A hawa na uku? Da tsohuwar da ba ta iya sauka?"

Yarinyar ta fashe da kuka. Ta ba Malama labarin Kaka da Baffa da tabarau. Malama ta bar ta ta yi kukanta. Sannan ta zare batirin a hankali, ta sa shi a wani gwangwani, ta ce za ta kai wa masu gyara, ba a jefa irinsa a shara.

"Wanda ya aiko ta bai yi miki bayani ba?"

"Ya rubuto takarda."

"Me ta ce?"

"Ban karanta ba."

"Madalla da gwanar aji. Je ki karanta. Sannan ki gaya wa babanki gaskiya. Wannan aikin gida ne, kuma gobe zan tambaya."

Da ta koma gida ta ɗaga katifa. Takardar tana nan, ta yi laushi. Layin farko ya ce, "Kada ki rufe ta da komai in tana caji." Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Bayan la'asar Baba ya dawo. Ta durƙusa a gabansa.

"Baba, ba a cuci Baffa ba. Ni na kashe batirin."

Ta faɗi komai. Bargo, matashi, tseren mota, da kumburin da ta ɓoye. Baba ya karɓi takardar, ya karanta har ƙasa. Ya dubi rediyo da rigarsa. Ya dubi talabijin da mayafinta. Ya shafa gemu.

"Lulluɓin, a wurina kika koya. Wannan laifina ne. Amma kin ga ciwo kin ɓoye. Wannan naki ne, Uwata. Da kin faɗa tun wuri, da Inna ta ga ɗanta."

"Ka yi haƙuri, Baba."

"Ba ni za ki ba haƙuri ba. Kuma ki zaɓa. Kasuwa ba ta yi kyau ba bana. Ko kayan Sallarki, ko sabon batir."

Tun watan jiya take mafarkin wani leshi ruwan hoda da ta gani a kasuwa.

"Batir, Baba."

Sannan ta je wurin Kaka a bakin taga. Ta faɗa mata. Kaka ba ta juyo ba.

"Na ji, ƙawata. Allah ya sa da rabo."

Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da ya fi sauƙi.

Malama Maijidda ta raka Baba shagon masu gyara, aka samo batir mai kyau wanda ya dace da laftof ɗin. Yarinyar ta kwafe takardar Baffa a bayan littafinta. Malama ta ƙara mata wasu abubuwa.

Yanzu a kan tebur take ajiye laftof, inda iska ke ratsawa, nesa da rana. Ba ta rufe ta da ko hankici. In an kawo wuta takan jira ta daidaita kafin ta jona, kuma da cajarta ta asali kawai. In ta cika sai ta zare. Ba ta barin batir ya ƙare ƙurmus. In ba a amfani da ita sai ta kashe ta gaba ɗaya. Tseren mota kuwa, motocin suna nan a tsaye har yau.

Ta kuma samo zare ta ɗaure tabarau, ta rataya a wuyan Kaka.

Amma batir ake saya a kasuwa, ba a sayen ido. Kullum da safe kafin ta tafi makaranta takan tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga hannu.

"Kaka, yatsu nawa?"

A makon farko Kaka ta ce, "Uku. Kuma ba ki yanke farce ba."

A mako na uku sai da yarinyar ta matso tsakiyar ɗaki. A mako na biyar sai da ta zo dab da gado.

"Yatsu nawa, Kaka?"

"Biyar."

Biyu ne. Yarinyar ta ce, "Daidai." Ta sauka bene tana share hawaye da hijabinta.

Sallah ta zo ta wuce. Ta sa kayan bara, hannun rigar ya tsaya mata a gwiwar hannu. Ƙawayenta suka yi ta dariya. Ba wannan ne ya dame ta ba.

Mako na shida ya cika. Babu saƙo. Aka shiga na bakwai. Babu saƙo. Wuta ma ta ɗauke kwana uku cur. Yarinyar takan tsaya ta kalli laftof a kan tebur, ba ta ko taɓa ta.

Umma ta ce, "Ki ɗan kunna mu gani mana, ko tana da rai."

"A'a, Umma. Abin da ke ciki na Kaka ne."

Ran Alhamis, ta dawo daga makaranta ke nan, ko takalmi ba ta cire ba, sai ta ji Baba yana ƙwala kira tun daga hawa na ɗaya.

"Uwata! Uwata! Ya matso!"

Ta kunna. Batir yana nan, ya fi rabi sosai. Ta rufe duk wani abin da ba a buƙata a allon. Ta ja labule, ɗakin ya yi duhu. Malama ta taɓa ce mata rage hasken allo yana sa batir ya daɗe. Amma yau don wannan hasken aka yi ta tanadi. Ta ƙure shi har ƙarshe. Ta maƙala wa Kaka tabarau da hannunta.

"Salamu alaikum. Inna, ina..."

"Wa alaikumus salam. Riƙe sauran, Auta. Matso da fuskarka."

Baba da Umma suka dubi juna. Baffa ya matso har fuskarsa ta cika allon. Kaka ta sunkuya, hancinta ya kusa taɓa gilashin. Ta karkata kai dama. Ta karkata hagu.

Kaka ta gyara tabarau, ta ƙura ido.

Can Kaka ta ce, "Kai! Wa ya ba ka izinin yin furfura?"

"Inna, kin gani?"

"Ga ta nan a gemu, gefen hagu. Kuma ka yi kumatu. Ashe ƙarya kake yi mana, ba aiki kake yi a jirgin nan ba, ci kake yi."

Baffa yana dariya yana kuka. Baba ya juya baya, wai wani abu ya faɗa masa a ido. Umma ta rangaɗa guɗa har masu haya na ƙasa suka leƙo.

Sai da Kaka ta ƙoshi da kallo, sannan ta gyara zama ta ce, "To, yanzu ina wuni?" Ta gaishe shi, ta gaida ruwa, ta gaida iska, ta gaida mai tuƙi da iyalansa. An ce har kifayen teku sai da suka samu rabonsu. Suka yi hira fiye da awa ɗaya. Layin jirgin ne ya gaji ya yanke. Batirin bai gaji ba.

Kaka ta cire tabarau. Ta lalubo hannun yarinyar ta riƙe.

"Na gan shi, ƙawata. Yanzu ido ya yi abin da ya ga dama. Miƙo min goro."

Yara, ku riƙe wannan. Batirin laftof yana son iska, ba ya son zafi. Kada ku rufe ta tana caji, kada ku ɗora ta a katifa, kada ku bari batir ya ƙare ƙurmus. In an ba ku amana da bayani, ku karanta bayanin. In kuma kun ga abu ya fara lalacewa a hannunku, ku faɗa wa manya tun yana ƙarami.